Gasar Karatu da Makullin Armuwar

A ƙarshen shekarar karatun da ta gabata aka gayyace ni alƙalanci a wata gasar karatu ta ƴan kwaleji, a wani gari cikin jihar Maraɗi. An kafa rumfa, an yayyafa ruwa a fili, an jera kyaututtuka bisa tebur: jakunkuna, kaye-kaye, da ƙamus guda ɗaya babba domin zakara. Mu uku ne alƙalai, kuma kowanenmu an miƙa masa takardar awo mai gida biyar: lafazi, ƙarfin murya, tsayawa inda aya ta ce a tsaya, haɗa ƙarshen kalma da farkon ta gaba yadda Faransanci yake so, sa'an nan natsuwa gaban jama'a. Nassin da aka zaɓa shafi ne daga babin farko na L'Enfant noir, littafin Camara Laye na 1953, wurin da yaro yake ba da labarin ƙaramin baƙin macijin nan da ke ziyartar maƙerar mahaifinsa.

Wata yarinya ƴar aji na biyu ce ta cinye, kuma wallahi ta cancanta bisa ga abin da takarda ta nema. Muryarta garau, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Bayan an watse na same ta tana rungume da ƙamus ɗinta, na yi mata barka, na tambaye ta da Hausa, cikin raha, ko me ya sa maƙerin bai kashe macijin ba. Ta dube ni, ta ce, «Mushe, wane maciji?»

Ban kawo wannan labari don in kunyata yarinyar ba, ko malamin da ya shirya ta. Mako uku tana bitar shafin har ya zauna mata, ta yi aikin da aka sa ta. Ni ne ma na ba ta maki mafi yawa. Abin da nake so mu duba, mu malamai da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu da muke ɗora wa kanmu wahalar shirya irin waɗannan bukukuwa, shi ne takardar awon nan kanta, domin cikin gidajenta biyar babu ko ɗaya da ya tambayi ko mai karatu ya san abin da ya karanta.

Ina zaton wani ɓangare na matsalar yana cikin kalmar karatu ita kanta. A kunnen Bahaushe, wanda ya iya karatu shi ne wanda ake ji: almajiri a kan allonsa, mai jan baƙi gaban mai tafsiri. A musabaƙar Alƙur'ani auna lafazi daidai ne, tun da kiyaye lafazin shi ne abin nufi, ma'ana kuma tana da nata zaure da nata malamai. Lakkwal ta Nasara ta zo da nata salon, resitasiyo da karatu da babbar murya, wanda ya dace da wancan kamar an gwada. Su biyun suka haɗu suka ba mu gasar da muke yi yau. Amma littafin labari ba a rubuta shi don a kiyaye lafazinsa ba. An rubuta shi ne don yaro ya shige ciki ya manta da tuwo yana hucewa, kuma wannan irin karatu shiru ake yin sa, ba ya da abin da zai nuna wa ƴan kallo a ƙarƙashin rumfa.

Abu na biyu shi ne wa ke shiga. Kowace makaranta tana aiko da yara biyu ko uku, kuma kowa ya san yadda ake fid da su: waɗanda suka riga suka iya, galibi ƴaƴan ma'aikata da ake jin Faransanci a gidajensu. Sauran ajin, saba'in ko tamanin, aikinsu tafi. To, binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin ƴan ajin ƙarshe na firamare a Nijar, waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a karatu ba su cika ɗaya cikin goma ba. A na 2019 an samu ci gaba, sun kai wajen uku cikin goma. Waɗannan bakwai da suka rage su ne suke iso mana kwaleji suna bin layi da yatsa. Gasar da ba ta taɓa su ba, ko da ministan ilimi ne ya zo ba da kyauta, ta yi ado ne a inda ba a ji ciwo ba.

Yanzu bari in zo ga armuwar, don a nan ne zancen ya fi yi mini nauyi. A yawancin makarantun da na yi aiki, abin da ake kira ɗakin littattafai armuwar ce ta ƙarfe a kusurwar ofishin darakta. Makullinta yana aljihun mutum ɗaya, kuma mutumin nan ba mugu ba ne, tsoro yake ji. An ƙirga masa littattafan ranar da ya karɓi aiki, za a kuma ƙirga ranar da zai bari, kuma babu wanda zai tambaye shi yara nawa suka karanta. Abin da za a tambaye shi shi ne nawa suka ɓata. Wanda aka ɗora wa irin wannan hisabi, hikimarsa ita ce ya kulle. Na taɓa halartar buɗe wata armuwar da ta shekara biyu a rufe. Lissafi ya cika cif, ba a rasa ko ɗaya ba, sai dai gara ta shiga ta ƙasa ta cinye jere biyu, ta bar bangaye a tsaye kamar kangon gida.

Abin da ke ciki kuma, in an buɗe, sau da yawa kwalaye ne na kyauta daga ƙetare: littattafan da wata makaranta a Faransa ta gaji da su, labarun hutun ƙanƙara, tsofaffin littattafan lissafi na manhajar da ba tamu ba. Ba na cikin masu cewa yaron Tasawa kada ya karanta labarin dusar ƙanƙara. Mu da muka yi kwaleji a shekarun 1990 mun san yadda muke rububin Kouakou da Planète Jeunes har su yage, mun kuma san abin da ɗakunan karatu na CLAC suka yi wa garuruwan da suka dace da samun su: ana ba ka littafi ka tafi da shi gida, abin da ya fi kome. Baƙon littafi yana da daɗi ga wanda ya riga ya kamu. Tambayar ita ce da wane littafi ake kama yaro tun farko.

Yaranmu sun ba mu amsa, mu ne ba mu so mu ji. Duk malamin da ya koyar a Maraɗi ko Damagaram ya taɓa ƙwace wani siririn littafi mai bangon zane daga ƙarƙashin teburin wata ɗaliba: littattafan soyayya na Kano, zuriyar In da So da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da rubuce-rubucen Bilkisu Funtuwa da Balaraba Ramat Yakubu. Yau da yawansu sun koma cikin wayar salula, amma ɗabi'ar tana nan. Yarinyar da muke rubuta wa «ba ta son karatu» a takardar sakamako, ita ce ke cinye shafi ɗari cikin dare biyu, da Hausar boko da ba wanda ya zauna ya koya mata sosai. Ana iya yi wa waɗannan littattafai suka, kuma ina yi: maimaici, gaggawar ɗab'i, duniyar da kowa ke da mota. Amma sun ci jarrabawar da armuwar ɗinmu ta faɗi.

Abin mamaki, ƙagaggen labarin Hausa na boko shi kansa ɗan gasa ne. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya nemi malamai su rubuta labarai, domin an koya wa yara karatu amma babu abin karantawa. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. A lura: waccan gasa littattafai ta haifa, ba zakarun murya ba, kuma bayan shekara casa'in har yanzu ana cin moriyarta.

Na sha gwada Ruwan Bagaja a ajin farko na kwaleji, kuma ban taɓa ganin ya kasa ba. Sirrinsa ba ruwan da ake nema ba ne. Yara kan manta da shi tun a tsakiyar tafiya. Sirrinsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman ne. Duk garin da Alhaji Imam ya sauka, mai karatu yana jiran inda Zurƙe zai ɓullo da kuma wanda zai yi wa wani tsiya a wannan karo, kuma da yake kowane gari labari ne mai kansa, yaron da karatunsa ke tafiyar hawainiya yana samun ladansa kowane shafi uku, ba sai ya jira ƙarshe ba. A Magana Jari Ce kuwa, Imam ya mai da wannan dabara ta zama ginshiƙin littafin: aku yana tsare Musa ɗan sarki daga fita cikin hatsari, ba da ƙofa ko dogari ba, da labari bayan labari. Ban san wani bayani a kan aikin mai kula da ɗakin littattafai da ya fi wannan ba. Ba na ɓoye cewa a littattafan Imam akwai ba'ar da ake yi wa baƙauye da Bafillace da Bamaguje wadda malami ba zai wuce ta ba tare da ya tsaya ya yi magana da ajinsa ba, musamman a ajin da jikokin waɗannan mutane suke zaune. Hausarsa kuma ta gabas ce. Yaron Tawa ko Dogon Dutsi zai yi tuntuɓe da wasu kalmomi. Amma wannan tuntuɓe ne mai amfani, na mutumin da ke tafiya.

Namu na gida fa? Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1999 aka tsai da ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar. Maɗaba'ar Albasa a farkon shekarun 2000, da Gashingo a Yamai, sun fitar da littattafai cikin harsunan ƙasa. A 2025 kuma Kundin Sake Gina Ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Duk da haka, a gasar da na yi wa alƙalanci ba a karanta layi ɗaya da Hausa ba, kuma jawabin buɗewa ne kaɗai aka fassara wa iyaye. Ni malamin Faransanci ne, da shi nake ci, ina kuma son ɗalibaina su kai ga Sarraounia na Abdoulaye Mamani da tatsuniyoyin da Boubou Hama ya tattara. Abin da na gani cikin shekarun aikina shi ne wanda ya saba da bin labari a harshen da yake mafarki da shi, shi ne ke jure wa wahalar binsa a wani harshe.

Ba zan yi suka in tafi ban faɗi abin da na gwada ba. Shekara biyu ke nan muna yin wata gasa tsakanin azuzuwa biyu, ni da wata abokiyar aiki, mun aro tsarinta daga abin da malaman Faransa suke kira défi-lecture, mu kuwa muka sa mata suna kacici-kacicin littafi. Muka zaɓi littattafai goma, rabi Hausa rabi Faransanci, gajeru da dogaye. Aka zuba su cikin akwatin ƙarfe a bayan aji, makulli a hannun ɗalibai biyu da ajin ya zaɓa, da kaye na rubuta aro. Mako shida ana karatu. Kowane aji ya shirya tambayoyi a kan littattafan domin ya ƙure ɗaya ajin, kuma ranar karawa ƙuri'a ce ke fid da wanda zai amsa, saboda haka ba a iya ɓuya bayan gwanaye uku. Ajin ne ke ci, ba mutum ba, kyautar kuma sabbin littattafai ne da za su shiga akwatinsa.

Tana da nata aibu. A shekarar farko tambayoyin yara duk na tarko ne: sunan doki, yawan raƙuma, abin da ba ya nuna fahimta ko kaɗan, har sai da muka sa doka cewa rabin tambayoyi su fara da «don me». Wasu gwanaye sun riƙa ba ragwaye labarin a taƙaice a bakin rijiya. Na yi niyyar hanawa, abokiyar aikina ta ce in bari, ai wanda aka ba rabin labari shi ke zuwa neman sauran, kuma ga wasu haka ɗin ta faru, ga wasu ba ta faru ba. Ba ta kuma da kyan gani: babu rumfa, babu manyan baƙi, hayaniya ce kawai ta yara tamanin suna gardama a kan ko Zurƙe azzalumi ne ko wanda aka zalunta. Wata ƙungiya da muka nemi taimakonta ta tambaye mu inda za a rataya tutarta.

Littattafai kuma sun ɓata, uku cikin ashirin. Biyu ba su dawo ba har yau. Na ukun, Ruwan Bagaja ne, ya dawo bayan hutun damina, ya kumbura, bangonsa ɗinke da zaren buhu. Yaron ya ce kakarsa ce ta hana shi maidowa, don kowane dare sai ya karanta mata, kuma da suka kai ƙarshe ta ce a sake daga farko saboda kishiyarta ba ta ji farkon ba. Darakta ya karɓa, ya juya shi gaba da baya, ya buɗe kayen lissafinsa, ya tambaye ni a wane gida zai rubuta shi: cikin masu kyau, ko cikin waɗanda suka lalace.