Jinjina ga Malaman da ke Koya wa Yara Tsare Jikinsu

Kunya ado ce a wurinmu, amma masu lalata da ƙananan yara sun daɗe suna fakewa a bayanta. Shi ya sa nake jinjina wa malaman firamare da na islamiyya, musamman mata, da ke faɗa wa yara abin da iyaye da yawa ke jin nauyin furtawa. Allah Ya saka musu da alheri.

Aikin sai da dabara. Malama za ta zauna da 'yan aji ɗaya, cikin lafazin da ba zai firgita su ba, ta nuna musu cewa al'aurarsu ba ta taɓawar kowa ba ce. Ta koya musu su ce a'a, su gudu, su faɗa wa babban da suka amince da shi, ko an ba su alewa, ko an ce za a kashe su idan sun tona. Ta nanata cewa macucin sau da yawa ba baƙo ba ne: maƙwabci ne, ko mai shago, ko ɗan uwa. Yara maza ma ba su tsira ba.

Wahalar da ba a gani ita ce lura da yarinyar da ta daina wasa, da jure fushin dangin da ke son a rufa asiri. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka yi wa lalata a Kano ba za su kai ga yaron da ya yi shiru ba, kuma galibi malamar ce ke fara lallashinsa har ya buɗe baki.