Siminti a Kan Tubali Ba Gyara Ba Ne

Wani yayi ya shigo Tasawa da Mayahi har ƙauyukan Sarkin Hausa: da mutum ya samu ƴan kuɗi, sai ya sa a shafe katangar gidan kakanninsa da siminti, ya ce ya huta da yaɓe. Ni dai a ganina kabari ya haƙa mata.

Ƙasarmu ta rairayi ce, ba mu da duwatsun gini irin na Adar. Abin da magabata suka bari, daga zaure har katangar garka, da laka suka yi shi. Ita kuwa laka tana shan ruwa da damina, ta amayar da shi da rani. Siminti ba ya barin ta yi haka. Da ya ɗan tsage, ruwan indararo ya samu hanya, ya shige baya ya kwanta. Daga waje bango sumul. Ƙwanƙwasa shi ka ji: ƙarar rami yake yi, tubali ya riga ya jiƙe a ciki. Wata rana a cikin Agusta sai ɓawon ya zube gaba ɗaya, ya tafi da rabin bangon.

Magina na da can sun san maganin wannan. Makuba suke dafawa daga ɓawon ɗorawa, su kwaɓa da jar ƙasa, su shafe bango da tafin hannu har ya yi sheƙi. Aiki ne mai son a riƙa komawa kansa, shi ya sa ake gudunsa. Amma ai kowane gida mai rai yana son hannu.

Kuma kada a ce ƙauyanci ne. Masallacin Yama da ke jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa da laka a 1962, shi ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin UNESCO a 2013, duk da ƙasa aka gina shi.

Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin magina suna ƙarewa, yara kuma bulo kaɗai suke koyo. Masu gari da magadan gari, ku nemo waɗanda suka rage, ku biya su su koyar. Kai kuma mai tsohon gida, kafin ka sayi buhun siminti bana, ka fara tuntuɓar sarkin magina.