Littafin Tsuntsayen Afirka ta Yamma: Akwai Hoto, Babu Sunanmu

Yau kan wani littafin Turanci zan yi magana, mai suna Birds of Western Africa, wato tsuntsayen Afirka ta Yamma. Mutum biyu suka haɗa shi: Nik Borrow ya zana hotuna, Ron Demey ya rubuta bayani. An fara buga shi a Landan a 2001, aka sake fitowa da sabon bugu a 2014. Ya tattara tsuntsaye sama da iri 1,200, tun daga Senegal har Chadi.

Gaskiya an yi aiki. Kowane tsuntsu an zana shi da launinsa, namiji daban, mace daban, wani lokaci har da ɗan da bai gama girma ba. Ga ɗan taswira mai nuna inda yake zama. A nan mutum zai gane cewa shamuwar da muke cewa ta kawo damina, da rani can kudancin Afirka take tafiya, sai ruwa ya kusa ta juyo. Wanda zai je bakin Shiroro ko dajin Kainji da wannan littafi a hannu, ba zai dawo hannu rabbana ba.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Ka buɗe daga farko har ƙarshe, ba za ka ga kalmar shamuwa ba, ba balbela, ba cilakowa, ba carki, ba burtu. Sunan Turanci ne da na Latin. An rubuta shi ne domin baƙo mai zuwa kallo da madubin hangen nesa, ya gani ya koma gida. Manomi da mahauci da masunci, waɗanda ke kwana su tashi da tsuntsayen nan, ba da su ake magana ba. Ɗanka na makaranta zai haddace sunan Turanci, kakansa ya san na Hausa, su zauna tabarma ɗaya ba su san tsuntsu ɗaya suke nufi ba.

Kada wani ya ce ba ya yiwuwa. Tun 1916 wani likita Bature, Dalziel, ya tattara sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa ya haɗa su da na kimiyya. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ma cike yake da sunayen tsuntsaye. Mu kuma 'yan Islamiyya muna da Hayatul Hayawan na Imam Damiri, wanda ya rasu a 1405. Shi in ya ɗauki dabba, zai ba ka sunanta, da halinta, da hukuncin cin namanta, da karin maganar da Larabawa suka yi da ita. Ya rasa hoto, amma ya san da wa yake magana. Sai dai sashen da ya kawo na magunguna daga sassan jikin dabbobi, wannan a bar shi a takarda.

Dalilin da ya sa na ce a bar shi shi ne angulu. Duk wanda ya kai shekara hamsin ya san lokacin da take cika rufin mahauta da juji. Yanzu fa? A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa wannan angulu ta gida cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Cikin manyan dalilai akwai guba da kuma kamun da ake mata ana sayar da kai da ƙafa ga masu tsibbu. Ni ɗan kasuwa ne, na san abin da babu mai saye ba a kawo shi. Angulu kuwa ita ke kwashe mushe kafin ya zama cuta. Littafin zai nuna maka kamanninta sarai, amma mai kama ta da mai sayenta ba za su taɓa karanta shi ba. Gauraka ma haka, yaranmu sai dai su ji sunanta.

Suratul An'am, aya ta 38, ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Al'ummar da aka manta sunanta, ranar da ta ɓace ba mai cigiyarta.

Shawarata: makarantun unguwa da ke da hali su nemi kwafi ɗaya. A zaunar da dattawa da mafarauta da masunta, a buɗe musu hotunan, su faɗi suna, yara su rubuta a gefe da fensir, har da na Gwari da na Nufanci in an samu, tunda ƙasarsu muke zaune. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis a Jos, tana tattara bayanin tsuntsayen Najeriya. Ɗalibanmu na jami'ar fasaha ta nan Minna za su iya kai musu abin da aka tara. Littafin ya cancanci saye, amma rabin aiki ne, sauran rabin yana bakin tsofaffinmu, kuma ba za su jira mu ba.

Allah ya sa mu dace, amin.