Sharhi a Kan Littafin Jeremy Rifkin Game da Makamashin Haidurojin

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi nazarin littafin da marubucin nan Ba'amurke, Jeremy Rifkin, ya wallafa a 2002 mai suna The Hydrogen Economy, watau tattalin arzikin da zai dogara bisa iskar haidurojin maimakon man fetur da kwal da gas. Yau shekara 20 da 'yan kai ke nan da fitowarsa, lokacin kuwa ya isa a ɗora abin da ya yi hasashe bisa ma'auni a ga inda ya rinjaya. Abin da ya sa muka ɗauko shi yanzu shi ne, ra'ayin da ke cikinsa ya sake tasowa tun daga 2020, sa'ad da Jamus da Tarayyar Turai suka fito da manufofinsu na haidurojin, kuma a wannan karon Afirka ake dubawa a matsayin inda za a samar da ita. Ashe ke nan maganar ta shafe mu.

Jigon littafin bai da wuyar fahimta. Marubucin ya ce man fetur ya kusa kaiwa iyakar yawan da za a iya haƙowa, daga nan sai ja da baya. Ya ce tarihin makamashi tafiya ce daga itace zuwa kwal, daga kwal zuwa mai, daga mai zuwa gas, a kowane zango sinadarin kabon yana raguwa haidurojin tana ƙaruwa, don haka ƙarshen tafiyar haidurojin ce zalla, wadda in an ƙona ta ruwa take bari a baya. Sa'an nan ya ɗora babban burinsa a kan wannan: kowane gida da kowace mota za su mallaki batirin haidurojin mai ba da lantarki, a haɗa su cikin tsari ɗaya irin na intanet, iko ya fita daga hannun manyan kamfanoni ya koma hannun talakawa, har matalautan ƙasashe su amfana.

Hujjar farko ba za ta ɗauke mu lokaci ba, domin tarihi ya riga ya amsa ta. Amurka da ke haƙo ganga miliyan 5 a rana a 2008 ta kai kimanin miliyan 13 a 2023, saboda sabuwar dabarar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa. Man bai ƙare ba. Damuwar da ta rage ita ce ɗumamar yanayi, wadda marubucin ya yi magana a kanta, kuma a nan muna tare da shi.

Inda muke so mu daɗe shi ne hujja ta biyu, domin a nan ne raunin littafin yake. Jera haidurojin a layi ɗaya da itace da kwal da mai yana ɓoye wani bambanci babba. Waɗancan ukun tarar da su ake yi a ɗauka. Haidurojin kuwa, duk da yawanta a sararin samaniya, a doron ƙasa galibi a ɗaure take cikin ruwa ko cikin gas, sai an kashe makamashi kafin a kwance ta. Watau ita mazubi ce, kamar tulu, abin da aka zuba mata shi za ta kai, shi ma ba duka ba. Marubucin ya san wannan, ya kuma ambata, ya ce a riƙa raba ruwa da lantarkin hasken rana da na iska. Laifinsa shi ne bai tsaya a kan lissafin asarar yadda ya kamata ba. Bari mu yi shi a nan.

Kilo ɗaya na haidurojin yana ɗauke da makamashi kimanin kilowat-awa 33. Kafin a same shi ta hanyar raba ruwa, sai an kashe kilowat-awa 50 zuwa 55 na lantarki, da ruwa tsarkakakke lita 9 a ƙalla. Sulusi ya tafi ke nan tun ba a bar masana'anta ba. Iskar kuma ba ta da nauyi ko kaɗan, saboda haka dole a matse ta cikin tukwane masu ƙarfi, a motoci har matsin ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 700, ko kuwa a sanyaya ta zuwa digiri 253 ƙasa da sifiri ta zama ruwa-ruwa, aikin da shi kansa yake cinye kusan kashi 30 cikin 100 na abin da take ɗauke da shi. In ta isa mota, batirin haidurojin ya mayar da ita lantarki, nan ma kusan rabi ya salwanta. Daga kashi 100 na lantarkin da aka fara da shi, abin da ke isa ga ƙafar mota bai wuce kashi 30 ba sosai. In da batir aka cika da lantarkin nan kai tsaye, da kashi 70 ko fiye ya isa. Joseph Romm, wanda ya yi aiki a ma'aikatar makamashi ta Amurka, ya kawo irin wannan suka tun 2004, amma a lokacin kasuwar yabon ce ke ci. Shugaba Bush ya riga ya yi alkawarin dala biliyan 1.2 ga binciken motar haidurojin a 2003, shekarar da aka buɗe tashar sayar da ita a Reykjavik ta ƙasar Aisland.

Abin da ya biyo baya lissafin ya bi. Kamfanin Toyota ya fito da motarsa Mirai a 2014, mota mai kyau babu shakka, amma duk motocin haidurojin da ke duniya a 2024 ba su wuce kimanin dubu 100 ba, alhali kuwa a wannan shekara kaɗai an sayar da motoci masu batir kusan miliyan 17. A farkon 2024 kamfanin Shell ya rufe tashoshinsa na ƙananan motoci a Kalifoniya. Abin mamaki shi ne, burin marubucin na gida mai samar da wutarsa ya tabbata, sai dai da faifan hasken rana da batir, waɗanda farashinsu ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 bayan 2010. Kowa a cikinmu ya ga faifan nan bisa rufin shaguna da asibitoci.

Kada a ɗauka muna cewa haidurojin ba ta da amfani. A 2023 duniya ta yi amfani da tan miliyan 97, wajen tace mai da yin takin zamani da sauran sinadarai. Mafi yawanta daga gas da kwal aka samo ta, abin da aka samar ta hanya mai tsabta bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma kowane kilo da aka ciro daga gas yana sakin kimanin kilo 10 na hayaƙin kabon. Takin yuriya da manomanmu ke sawa a masara, wanda ake yi a Eleme da Lekki, ta wannan hanya yake samuwa. A ganinmu a nan ya kamata littafin ya sa ƙarfinsa. Tsabtace wannan tan miliyan 97 kaɗai zai ci lantarkin da ya fi wanda Amurka ke samarwa a shekara, aikin da zai ishi ƙarni guda. Kuma ba sabon abu ba ne: Norwe ta yi taki da haidurojin ta ruwa tun ƙarshen shekarun 1920, Masar ta yi a Aswan daga 1960, har arhar gas ta kashe wannan sana'a a wurare da yawa. Haka nan narkar da tama, inda a Suwidin aka fitar da ƙarfen gwaji a 2021 da haidurojin maimakon kwal. Littafin ya tsallake masana'anta ya tafi ga mota da gida, domin can ne labarin ya fi daɗin ji.

Saura batun matalautan ƙasashe, wanda ya fi kusa da mu. Marubucin ya zaci haidurojin za ta rarraba iko. Abin da muke gani akasin haka ne, domin injin raba ruwa yana da tsada, ba ya kuwa biyan kuɗinsa sai ya yi girma ya yi aiki sa'o'i masu yawa. A Namibiya, gwamnati ta sa hannu a 2023 da kamfanin Hyphen kan wani shiri kusa da garin Lüderitz da aka ƙiyasta zai ci dala biliyan 10, kuɗin da ya kusa kai duk abin da ƙasar ke samarwa a shekara, da nufin a mayar da iskar amoniya a loda wa jiragen ruwa. Wannan kuwa ƙasa ce da take sayo yawancin lantarkinta daga maƙwabta, kusan rabin jama'arta ba su da wuta. Duk wanda ya san tarihin gyaɗa da auduga a ƙasar nan zai gane fasalin cinikin. Ba mu ce a ƙi irin wannan shiri ba. Tambayar da ya wajaba masu tsara manufa a Abuja da Yamai su yi ita ce, lantarkin da za a kashe wajen yin kilo ɗaya, da ruwan da zai sha a ƙasa mai fari, wa aka hana don a samu na sayarwa?

Akwai abu ɗaya da zai iya sauya lissafinmu, wanda kuma yake a yankinmu. A 1987 masu haƙa rijiya a ƙauyen Bourakébougou na ƙasar Mali, kimanin kilomita 60 daga Bamako, suka ci karo da iska mai kamawa da wuta, aka toshe ramin. Da aka sake buɗe shi aka auna, sai aka tarar haidurojin ce kusan kashi 98 cikin 100, kuma daga 2012 aka kunna janareta da ita, ƙauyen ya sami wuta. Wannan haidurojin ta cikin ƙasa haƙo ta ake yi kamar mai, don haka sukar da muka yi ta asarar raba ruwa ba ta hau kanta ba. Kamfanoni suna ta nemanta yanzu a Amurka da Ostireliya da Faransa, amma har yau ba a sami rijiyar da ke ba da ita da yawan da zai ciyar da masana'antar taki ko guda ba.