Muryar Tsakiya: Nazari a Kan Mezo-Sofrano a Wasan Ofera

A wasan ofera, wato wasan kwaikwayon da ake rera zancensa da waƙa, wanda ya tsiro a Italiya wajen shekarar 1600, ba a raba wa 'yan wasa matsayi don fuska ko shekaru. Maƙogwaro ake dubawa. Mawaƙiya za ta hau dandamali babu makirfo, gabanta ga tawagar makaɗa da kan kai mutum saba'in ko fiye, kuma dole muryarta ta ratsa su ta isa kunnen wanda ke kujerar ƙarshe. Wannan larura ce ta sa aka kasa muryoyin mata gida uku. Sofrano ce siririya mai tashi sama, kwantiralto ce kakkaura ta ƙasa, sai mezo-sofrano a tsakaninsu.

A ma'auni, bambancin bai taka kara ya karya ba. Muryar mezo kan fara daga sautin da ke kaɗawa sau 220 a daƙiƙa ta kai mai kaɗawa sau 880, ta sofrano kuwa daga wajen 262 zuwa 1,047. Mezo da yawa suna iya taɓo ƙololuwar da sofrano ke taƙama da ita. Abin da malaman murya suke saurare shi ne inda murya take sakewa ta daɗe ba gajiya, da nauyinta, da gaɓar da take sauyawa daga ta ƙirji zuwa ta ka. Ƙarfin mezo yana tsakiya da ƙasa, kusa da inda mace take magana a rayuwar yau da kullum, shi ya sa kalmomi suke fita a bakinta sarai. A can ƙololuwa kuwa wasula kan narke, mai sauraro ya ji daɗin sauti ya rasa me aka ce.

Daga nan rabon gado ya karkace. A ƙarni na 19 masu tsara ofera suka saba ba wa sofrano matsayin budurwar kirki da ake so, ta sha wahala, ta mutu a ƙarshe, a tafa mata. Mezo aka bar wa mayya, da tsohuwa, da baiwar ɗaki, da abokiyar kishi, da yaro matashi. Shahara da kuɗi suka bi sofrano. A ganina kuwa, mutane masu jini a jika, masu hali mai sarƙaƙiya, suna cikin wannan rabon da aka raina.

A dubi Giuseppe Verdi. A Il trovatore, da aka fara nunawa a Roma a 1853, akwai Azucena, wadda aka ƙone mahaifiyarta bisa zargin maita. Ta sace ɗan mai mulkin don ramuwa, cikin ruɗewa ta jefa nata ɗan a wuta, ta raini na maƙiyinta har ta ƙaunace shi. Duk labarin a kanta yake juyawa. Verdi ya sa muryarta ta riƙa faɗowa kwatsam daga sama zuwa ƙirji, yadda za ka ji hankalin matar yana tangal-tangal. Sai Aida, da aka buɗe a Alƙahira a watan Disamba na 1871. Sunan baiwa 'yar Habasha wasan yake ɗauke da shi, kuma sofrano ce ke rera ta. Amma Amneris, 'yar Fir'auna, ita ce kishi ya ci, ta zama sanadin kama Radames, mutumin da take so, sannan ta tsaya a waje tana jin limaman gumaka suna yanke masa hukuncin binnewa da rai, tana roƙo, tana tsine musu, tana tsine wa kishinta. Aida yadda ta shigo haka ta fita. Amneris ce ta canza, kuma muryarta ce ta ƙarshe da ake ji kafin labule ya sauka.

Ba kullum mezo take a gefe ba. Gioachino Rossini ya rubuta wa mata masu kaurin murya manyan matsayi: Rosina a Wanzamin Sebiya a 1816, da Angelina a La Cenerentola a 1817, duka masu gudun harshe da saurin hawa da sauka. Daga baya sofrano suka ƙwace Rosina, aka ɗaga mata sauti, har sai da irin su Conchita Supervia, sannan Teresa Berganza da Marilyn Horne, suka maido da ita gida. Carmen ta Georges Bizet kuwa, da Célestine Galli-Marié ta fara rerawa a Paris ranar 3 ga Maris 1875, ta tayar da ƙura, domin jarumar ma'aikaciyar kamfanin taba ce mai zaɓen namijin da ta ga dama. Bizet ya mutu bayan wata uku yana da shekara 36, bai ga yadda wasan ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi nunawa a duniya ba.

Batun mace ta sa wando ta fito a matsayin saurayi yana ba baƙo mamaki. Cherubino a Auren Figaro na Mozart, 1786, da Octavian na Richard Strauss, 1911, tun asali don mata aka rubuta su, saboda muryar mace ta fi kama da ta yaron da bai gama balaga ba. Wasu matsayin kuma gado ne mai ɗaci. A ƙarni na 17 da na 18 a Italiya, ana dandaƙe yara maza don kada muryarsu ta buɗe, kuma waɗannan babanni su ne taurarin ofera. Da al'adar ta mutu, mezo suka gaji kayansu. Orfeo na Gluck, wanda aka rubuta wa baba a 1762, Hector Berlioz ya gyara shi a 1859 don Pauline Viardot. Yau kuma maza masu rera siririyar murya ba tare da an taɓa lafiyarsu ba suna neman karɓe wannan gadon.

Rinjayen sofrano ya sa wasu suka yi ƙaura. Grace Bumbry, Ba'amurkiyar da ta zama baƙar fata ta farko da ta rera a bikin Wagner na Bayreuth a Jamus a 1961, duk da ƙorafin masu wariyar launi, daga baya ta koma rera matsayin sofrano, haka ma Shirley Verrett. Har yanzu masu sauraro suna gardama a kan ko riba suka ci. Cecilia Bartoli ta bi wata hanya, ta shiga tono tsofaffin takardun kiɗa, a 1999 ta fitar da faifan waƙoƙin Vivaldi da aka manta, ya kuma samu kasuwa sosai.

A wajen ofera, muryar ta samu gida a waƙoƙin Gustav Mahler, inda Christa Ludwig da Janet Baker suka yi fice, kuma Luciano Berio ya tsara wa Cathy Berberian waƙoƙin gargajiya na ƙasashe daban-daban a 1964. Amma laƙaba wa mawaƙan zamani sunan mezo, kamar yadda ake yawan yi, bai da ma'ana sosai. Mai riƙe da makirfo tana zaɓen sautin da ya yi mata daɗi, injiniya ya ƙara mata ƙarfi, alhali rabe-raben ofera an yi su ne don waƙar da aka riga aka rubuta da zauren da babu na'ura.

Mai karatu da bai taɓa sauraron ofera ba, ya nemi kashi na huɗu na Aida a YouTube, wurin shari'ar Radames, wanda Fiorenza Cossotto ko Bumbry ta rera Amneris. Ya fara karanta taƙaitaccen labarin tukuna, sannan ya saurara.