Waƙa da Kiran Araba: Sa'adu Zungur a Madubin Ayalan

Wannan ɗan sharhi zai dubi waƙar "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" ta Malam Sa'adu Zungur, mutumin Bauchi, wanda ya rasu a 1958, tare da leƙen abin da ya faru a ƙasar Ayalan, inda adabi ya yi wa gwagwarmayar ɓallewa daga Birtaniya share fage.

A can, an kafa ƙungiyar raya harshen Gelik a 1893 ƙarƙashin Douglas Hyde. Mawaƙi Patrick Pearse ya jagoranci boren Dublin na 1916, Turawan Ingila suka harbe shi, aka kuma raba tsibirin gida biyu a 1921. Sai dai harshen nasu ya riga ya yi rauni, har shahararren mawaƙinsu, Yeats, da Ingilishi ya yi waƙoƙinsa. Sa'adu bai sha wannan wahala ba. Ya san Larabci, ya san Ingilishi, amma ya zaɓi Hausa, wadda ba ta bukatar a tashe ta daga kabari.

Wasu masu nazari sukan ɗauki waƙar tamkar tutar araba. Suna da 'yar hujja, domin ya yi ta ne bayan ya yi sakataren NCNC a Legas ya dawo da ɓacin rai, kuma tsoron mamayar Kudu a fili yake cikinta. Rikicin majalisa na 1953 da tarzomar Kano ta wannan shekara sun ƙara wa wannan fassara ƙarfi.

A ganina karatun ya yi gajeren zango. Mawaƙan Ayalan baƙo suke nuna wa yatsa. Sa'adu kuwa kaifin harshensa gida ya fi juyowa. Sarakuna yake wa kashedi: ko su gyara mulki bisa adalcin da Shehu ya bari, su buɗe ƙofar ilmi da shawara, ko jumhuriya ta share su. Wanda ya zauna da Aminu Kano a zauren muhawara na Bauchi ba zai yi wa sarauta kirari kyauta ba.

Raunin waƙar, in rauni ne, shi ne kalmar "Arewa" da ta dunƙule kowa wuri guda. Basayen Tafawa Ɓalewa, da ke kudu da garin mawaƙin, zai nemi kansa cikin baitocin ya rasa, kamar yadda Furotestan na Belfast ya rasa kansa a Ayalan ɗin Pearse.