Filin wasan mota: kada kuɗin ƙungiya ya zama katanga

Bidiyon wasan mota ya cika wayoyin samari, har nan Lolo inda sabis ɗin Najeriya da na Benin ke rige-rigen kama waya. Yaro ya tako mota da gudu, ya ja burkin hannu, ta wulwula, taya na hayaƙi, jama'a sun yi mata zobe babu ko igiyar tsari. Yawanci daga Abuja ko Kano ko Kaduna ake ɗauko su, ranar ɗaurin aure ko bikin gama makaranta. In aka yi asarar rai sai hukuma ta hana, a kama motoci, ƙura ta lafa, a koma gidan jiya. Shi ya sa na yarda da masu cewa a keɓe fili, a kafa ƙungiya, a riƙa yin abin bisa tsari. Abin da ke damuna shi ne wa za a bari ya shiga filin, kuma da nawa.

A Ingila da Jamus, ƙungiyar masu motoci kan yi hayar filin tsere na yini guda. Ba gasa ake yi ba, ba a ba da kofi. Ana duba burki da taya, kowa ya sa hular kwano, a raba direbobi rukuni-rukuni gwargwadon ƙwarewa, sabon shiga a zaunar masa da malami a gefe. Kuɗin fili da motar asibiti da masu ɗaga tuta duka ɗaya ne, ko motoci 20 suka zo ko 40. Daga nan rigimar farashi take tasowa. Ɗan ƙungiya ya biya kuɗin shekara tun farko, da shi aka kama fili, shi ne kuma zai cike giɓi in mutane ba su zo ba. Baƙo kuwa ya zo rana ɗaya ya sha daɗinsa ya tafi.

Don haka rangwamen ɗan ƙungiya halal ɗinsa ne, ban ga abin musu ba. A tasha ma motar da ke bin layi kullum, direbanta na biyan kuɗin ƙungiya, ba a daidaita ta da baƙuwar da ta faɗo ta yi lodi ta wuce. Amma rangwame daban, kora daban. In tazarar ta kai ga baƙo ya biya ninki biyu ko uku, ko a ce sai manyan ƙungiya biyu sun tsaya maka kafin ka sa taya a fili, to an daina lissafin kuɗin haya, an koma tace mutane.

Mun ga yadda hakan ke ƙarewa a wasan folo. Tun zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko wasan ya yi saiwa a Arewa, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a kansa, kuma har gobe ana fafata kofin Georgian a Kaduna. Wasa ne mai kyau, amma kowa ya san na masu hannu da shuni ne. Yaran barga, waɗanda ke wanke doki da ba shi harawa da motsa shi tun asuba, sau da yawa sun fi mai dokin iya zama a sirdi. Wasunsu kan shiga fili, har su yi fice, amma sai in maigida ya ɗora su a dokinsa. Doki yana da uzuri, ciyar da garke guda ba aikin talaka ba ne. Mota ba ta da wannan uzurin, domin tsohuwar Golf da bakanike ya haɗa da hannunsa tana iya zagaya fili lafiya lau.

Mu a bakin iyaka mun san inda gwanintar tuƙi take. Shekaru da dama motocin Kwatano ta iyakokin tudu suke shigowa, kafin gwamnati ta hana shigo da mota ta ƙasa daga Janairun 2017, sannan aka rufe iyakokin a Agustan 2019. Wannan harka da jigilar kaya zuwa kasuwar Malanbil ta Benin sun haifar da direbobin da suka san yadda ake ratsa yashi ba tare da mota ta kafe ba, yadda ake sassauta iskar taya kafin a shiga rairayi, da kanikawan da ke jin ciwon inji daga ƙararsa. (Ba duka aka koyi wannan gwaninta a hanyar da kwastan ke so ba, wannan kuma zancen wata rana ne.) Irin waɗannan su ne ƙungiya mai tsadar rajista za ta fara bari a bakin ƙofa, su ne kuma za su ci gaba da gwada bajintarsu a titin da yara ke tsallakawa.

A Kebbi muna da abin dubawa. Da bikin kamun kifi na Argungu ya dawo a Maris 2020, bayan kusan shekara goma ba a yi ba, an haɗa da gangamin motoci daga Abuja zuwa Argungu, ƙarƙashin hukumar bunƙasa ƙera motoci ta NADDC lokacin shugabancin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka. Ya yi armashi, ya kuma tallata motocin da ake haɗawa a gida. Sai dai ayarin kamfanoni ne. A Matan Fada, inda ake kamun kifin, dubban masunta ke faɗawa ruwa da homa da gora, ba a tambayi kowa ɗan wane ne shi ba, amma direban Bagudo ko na Illo a gefen hanya ya tsaya yana ɗaga hannu.

Fili kuma ba sai an jira biliyoyi ba. Silverstone, inda ake babban tseren Ingila, tsohon filin jiragen yaƙi ne da aka fara zagayawa da damman ciyawa a matsayin shinge. Nürburgring na Jamus, mai tsawon kilomita 20 da 'yan kai, yana da ranakun da duk mai lasisi da motar da ta cika ƙa'idar titi zai sayi tikitin zagaye ɗaya ya shiga, ba ruwan kowa da katin ƙungiya. Wannan tsarin ya fi dacewa da aljihunmu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024, kuma wasan mota cin taya yake yi. Wanda ba zai iya kuɗin yini ba zai iya na zagaye biyar.

Ga abin da nake ganin adalci ne. A liƙa lissafin hayar fili da na motar asibiti a allo kowa ya gani. Ƙarin da baƙo zai biya ya tsaya iya kasonsa na ɗawainiyar da 'yan ƙungiya suka ɗauka, kuma wanda ya yawaita zuwa a lissafa masa ƙarin nan cikin kuɗin rajista, har ya zama ɗan gida. Bakaniken da ya duba burkin motoci da safe, da yaron da ya yini cikin rana riƙe da tuta, a biya su da lokacin shiga fili da yamma. Sharaɗi ɗaya ne bai kamata a yi wa kowa sassauci a kansa ba: motar da burkinta ke da matsala ba ta shiga, ko ta shugaban ƙungiya ce.